Matar da Ta Tofar da Ruwan Rijiyata

Ku da wannan labari zai riska, na rantse da wanda raina ke hannunsa, abin nan ni ya samu, ba ji na yi ba. A Magariya ne, bakin hanyar Dungas, yau shekara bakwai ke nan. Bayan gidanmu akwai wani tsohon gidan mai da ya mutu, aka zo da mota aka tono ƙaton tankinsa na ƙarfe daga ƙasa, duk ya ci tsatsa, aka cike ramin aka tafi.

Ni ƴar masu haƙar rijiya ce, ubana da harshe yake gane ƙasa, ni ma haka ya koya mini, in ɗanɗana in gaya maka gaba nawa za ka yi kafin ruwa. Rijiyar gidana marigayi maigidana ya haƙa, ni na nuna wurin, kuma duk unguwa nan suke ɗiba, har masu famfo. To, zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: tun kafin a cire tankin na fara jin wani ɗan ɗaci a ruwan, na yi shiru, don kar a ce rijiyar Hajiya ta lalace. Ga surukata Ramatu da ciki wata shida, tana sha.

Da bazara sai ga wani injiniya daga Damagaram, Isufu sunansa, da ƙarfen huda ƙasa da butalai, wato kwalabe, wai ya zo duba ko esansi, wato man fetur, ya shiga ƙasa. Kwana biyu yana huda tsakiyar ramin da aka cike, yana shinshinawa, ba komai. Na ɗebi ƙasar na sa a harshe, na ce, "Ɗan nan, wannan yashin baƙo ne, da mota aka kawo shi, ba ƙasar wurin ba ce." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ke ce laburatuwar ɗin, ɗakin gwajin?" Na ce, "Kafin a haifi uwarka." Amma ban matsa ba, don ni ma so nake ya rubuta lafiya ya tafi.

Rana ta uku, ana shirin azahar, rana ta take, ina bakin rijiya sai ga wata mace doguwa, baƙa, zanenta jiƙe sharkaf har yana ɗiga, alhali ko hadari babu. Ba sallama. Ta ce in ba ta ruwa. Na cika ƙwarya na miƙa, ta kurɓa, ta juya shi a baki irin yadda ubana yake yi, sannan ta taka har gindin katangarmu ta tofar.

Ta ce, "Shekara nawa kuna zuba mana shi a ɗaki, ba wanda ya tambaye mu. Ke kuma kin sani, kin yi shiru."

Na sunkuya in ɗauki ƙwaryar da ta ajiye, ɗagowar da zan yi babu kowa, fili ne fetal har titi, ko sawu babu. Sai wurin da ta tofa, jiƙe, yana warin esansi.

Na je na riƙo rigar Isufu, na ce ya huda nan. Ya ce nan ai ba ya cikin takardarsa. Na ce ko ya huda, ko in kwanta gaban motarsa. Ya huda. A zurfin gaba ɗaya da rabi ƙarfen ya zurma kamar cikin kunu, ya fito da baƙar laka, warinta ya sa akuyoyina suka tsinke igiya. Da aka buɗe wurin sai ga bakin wata tsohuwar rijiya, da itacen ɗaurinta, wadda ko tsofaffin unguwa ba su san da ita ba. Man da ya tsiyaye shekara da shekaru can ya taru, ya bi jijiyar ruwa ya nufo tawa. Isufu ya ce, "Inna, wa ya nuna miki?" Na ce harshena. Ƙarya na yi masa.

Aka rufe rijiyata da siminti, ina tsaye ina kallo. Ramatu ta haihu kafin lokaci, yaron bai zo da rai ba. Likita bai ce ruwan ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne, ni dai na san abin da na ɗanɗana na haɗiye.

An kwashe ƙasar wurin an zuba sabuwa, amma har yau, ko a tsakiyar bazara, akwai tabo kamar faɗin faifai a gindin katangar da ba ya bushewa, kaji ma kewaye shi suke yi. Ban san ko wace ce ba, ban kuma nemi sani ba.

Ku dai, in ruwanku ya canza a baki, ku faɗa tun ranar, ko da rijiyar ta ubanku ce. Kuma kafin ku binne wani abu a ƙasa, ku tambaya me ke ƙarƙashi.