Rasuwar Goggon Taurari

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, mijinki ya kira ni daga asibiti. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Goggonku lokaci ya yi."

A takarda Farfesa ce ke, amma mu ɗalibanki Goggon Taurari muke ce miki. Kin ƙarar da rayuwarki kan binciken baƙin rami, abin nan na can ƙuryar sararin samaniya mai haɗiye duk abin da ya kusance shi. Ke kika koya mana cewa iskar da yake zuƙowa daga tauraron da ke kusa da shi takan yi zafi kafin ta faɗa ciki, har ta fitar da haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tauraron ɗan'adam ya tattaro hasken, mu rarrabe shi a kwamfuta, mai ƙarfi daban, mai rauni daban, mu karanta zanen. Ofishinki ɗan ƙarami ne, fanka na ƙara, allo cike da lissafi, amma ba ɗalibin da ya shiga da yunwa ya fito da ita. Da mahaifina ya rasu na yi niyyar ajiye karatu, har gida kika biyo ni. Ba ki tashi ba sai da mahaifiyata ta ce in koma.

Akwai wani haske mai tsananin ƙarfi da kika yi shekaru kina rubutu a kansa, kina cewa ƙaton baƙin rami ne. Da shi aka san ki. Bara ciwon huhu ya kwantar da ke, kika bar mini sababbin bayanan wannan hasken. Ina dubawa sai na ga hasken yana bugawa a kai a kai, abin da baƙin rami ba ya yi. Ashe mataccen tauraro ne mai juyawa. Na zo asibiti da takardar sakamakon, na kasa miƙa miki. Da kanki kika karɓa, robar iska a hancinki, kika daɗe kina kallo.

"Ɗana, wannan ai ya rushe aikina," kika ce. "Ka sake dubawa. In ya tabbata ka fitar, sunanka a gaba."

Na ce, "Goggo, a bari ki warke."

"Ni da na ga hoton ƙirjina? Kada ka jira ni."

Ya tabbata. Amma ranar da aka amince a buga aikin kin riga kin daina gane mutane. Na faɗa miki a kunne. Ban san ko kin ji ba.

Allah Ya jiƙan ki, Goggo, Ya yafe kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zame miki kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, da 'ya'yanki mata biyu, da mahaifiyarki, wadda saboda tsufa har yau take tambayar yaushe za a sallamo ki. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.