Ƙuri'ar da Ta Hana Baba Aski

Akwatin zaɓen garinmu ba ya rabuwa. Da wannan aka san mu a ƙasar Dakoro, kuma Babana ne ya sa aka san mu da shi. Shi ne wakilin jam'iyya a gari, mutum mai murya, in ya ce ga inda za a jefa, can ake jefawa. Amma duk zaɓen da aka yi, tun ina budurwa har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, sai an sami ƙuri'a guda da ta bauɗe. Kullum ɗan takarar makiyaya take samu, wanda ba shi da zance sai burtali da rijiya. Ba ta taɓa kayar da kowa ba, amma ta hana Baba sakat.

A lokacin kowane ɗan takara da takardarsa. Sai ka kwashe su duka, ka shiga bayan labule, ka sa guda a ambulan, sauran ka yar. Baba ya ce ba a yarwa, a kawo masa ya gani. Yakan zauna gindin aduwa nesa kaɗan da lakwal inda ake jefa ƙuri'a, magidanta su zo su nuna nasu da na iyalinsu, ya duba ya gyaɗa kai.

Mutum guda ne bai taɓa kawowa ba, wato wanzaminsa. A wani ɗan ƙauye yake, ƙetaren kwari, amma a akwatinmu suke jefa ƙuri'a. Tun suna samari yake yi wa Baba aski, shi ya yi wa yayyena kaciya, shi ya yi mani askin suna. In Baba ya tambaye shi takardu, sai ya yi dariya ya ce ya goge aska da su.

"Ni za ka bincika kamar ɓarawon akuya?" in ji shi. "Kai da nika riƙe ma wuya da aska?"

Baba bai san wasa ba a kan akwati. Ya faɗa gaban jama'a cewa ya gane mai bauɗewa, daga ranar kuma ya daina ba shi kai. Sai ya jira ranar kasuwa ya tafi Dakoro a yi masa. Mutane suka bi sahunsa, har suna in za a yi wani ake kira. Nakan ga wanzamin ya wuce ƙofar gidanmu da zabirarsa, ya yi sallama, ba mai amsawa sai mata. Abin ya ci mani rai. Na yi wa Baba magana, ya ce bokon ne ke ɗibata.

Ana nan sai aka yanka ƙasar komin-komin, wato ƙananan hukumomi. Aka haɗa mu da Birnin Lalle, ƙauyen wanzami kuma da Korahane, aka ba su nasu akwati. Baba har goro ya raba. Ya aika wa manyan jam'iyya cewa bana za su ga akwati tas.

A zaɓen nan ni aka sa wurin ƙirga, ina buɗe ambulan ina ɗagawa kowa ya gani. Baba na tsaye bakin taga da babbar rigarsa. Muka yi ta tafiya lafiya, har ya fara yi wa na kusa da shi murmushi. Saura kaɗan a gama na zaro ta, ƙuri'ar nan mai bauɗewa. Na ɗaga ta sama sosai, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Da muka koma gida Inna tana dama fura. Baba ya zauna yana jero mutanen da yake zargi, daga mahauci har ladan. Inna 'yar Fulani ce, 'yan'uwanta ne ke kora shanu arewa duk damina. Ta ajiye ludayi.

"Malam, ka bar mutane su huta. Tawa ce."

"Taki mi?"

"Ƙuri'ar. Tun ta hwari. Gonakinku na cinye burtali, 'yan'uwana su bi ta ina?"

"To takardunki hwa?"

"Ka taɓa tambaya? Murhu nika sa su."

Baba ya ce ashe tana gani aka wulaƙanta bawan Allah ta yi shiru. Ta ce ba ta yi shiru ba, ba sau ɗaya ba ta ce masa ba wanzami ba ne, ya ce mata ba su san siyasa ba. Gaskiya ce, ni ma na ji da kunnena. Ranar Baba bai sha furar ba.

Da safe ya ɗauki sandarsa ya nufi kwari. Na bi shi, don ban yarda bakinsa zai iya ba. Muka iske wanzamin a rumfarsa shi kaɗai. Baba ya tuɓe hula ya zauna kan tabarma. Wanzamin ya kama kan, ya juya shi dama da hagu.

"Wa ke yi ma wannan ɓarna?"

"Sarkin aska," in ji Baba, "na ci zalinka."

"Na sani. Duk shekarun ga naka nika jefa ma, har jiya. Sunkuya."