Zanzaro a Kwamfutar Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, mai shagon hoton fasfo a nan Haɗejia. Allah ya jiƙansa. Ni ban yi boko mai nisa ba. Da yana raye aikina tayar da janareto da yanka hoto da almakashi. Da ya tafi, shagon ya faɗo kaina, har da tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, wadda duk hoton da ya taɓa ɗauka yake cikinta.

Sana'ar ta mutu, ba sai an ɓoye ba. Kowa da wayarsa. Wani lokaci nakan ce da Yaya zai leƙo ya ga yara suna ɗaukar kansu hoto suna murguɗa baki, tsaki kawai zai ja ya koma. Shi da yake gyara wa manomi zaman hula kafin ya danna.

A ƙarshen daminar bana wata dattijuwa ta zo daga Guri. Ambaliya ta cinye musu ɗaki, ta tafi da akwatin da hoton marigayi mijinta yake ciki, kuma shi kaɗai ne gare su. Ta ce a shagon nan aka ɗauka. Jikokinta ba su san fuskarsa ba.

Na danna kwamfuta. Ta yi ƙugi kaɗan, ta mutu. Na sake, haka. Allo baƙi ƙirin. Na ce mata ta dawo ranar kasuwa mai zuwa, ni kaina ban san abin da zan ba ta ba.

Mai gyaran da na kira ko zama bai yi ba. Ya ce a yi mata fomatin, wato a share komai a zuba sabo, ko in sayar wa 'yan gwangwan in huta. Na ce ya sauka lafiya.

Yaya ba haka yake yi ba. Kafin hoto, injin ban-ruwa yake gyarawa a fadama, kuma bai taɓa bambanta injin da kwamfuta ba. Yakan ce kada ka zargi ciki sai ka gama da waje. Haka na bi. Na canja wayar wuta, na canja soket, na cire wayar allo na mayar. Shiru. Sai na ɗauko sukundireba na buɗe murfin, abin da bai taɓa bari na yi ba, don a cewarsa hannuna na ɓare gyaɗa ne. Na zare siraran allunan nan biyu da yake kira ram, na goge bakinsu da robar fensir yadda na sha ganin yana yi, na shanya su a rana saboda danshi. Na mayar. Ta yi ƙugi, ta mutu.

Na gaji, na zauna ina kallon cikinta. A nan na lura ƙaramar fankar tsakiya ba ta motsi. Na haska tocila. Ashe zanzaro ne ya shiga ta baya ya gina ɗakinsa na laka a jikin fankar, ya riƙe ta gam. Na kankare da tsinken tsintsiya, na hure. Da na danna, fanka ta juya, allo ya kawo haske.

Ranar kasuwa dattijuwar ta dawo. Yaya ya ware hotuna gari-gari, sai na buɗe na Guri, na ba ta kujera. Muna wucewa tana kiran sunaye: wannan ya rasu, wannan ruwa ya kore shi zuwa garin Malam Madori, wannan ita ta yi wa uwarsa wankan jego. Can ta ɗora yatsa a kan allo.

"Tsaya nan, Malam. Ga shi. Hular ma aro ce, ta yayanka ce."

"Guda nawa zan wanke miki, Iya?"

"Ɗaya ya isa. A'a, yi biyu. Ruwan zai dawo."

Bayan ta tafi na ci gaba da dubawa ni kaɗai, gari bayan gari, ko zan ga Yaya. Masunta, 'yan makaranta, maniyyata, amare. Hularsa na gani a kan mutane da yawa, shi kuwa babu ko ɗaya. Kwamfutar ba za ta daɗe ba, na sani, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni labari. Amma gobe zan buɗe shago, ko wani zai zo neman nasa.