Kyamarar da Ta Fifita Kawu a Kan Gwaggo

Lisiate Taufa ya fara ɗaukar hoto a ƙauyensu na tsibirin Vava'u tun zamanin da ake aika fim Nuku'alofa, babban birnin ƙasar, a jirgin ruwa, a zauna jiran a ga ko amarya ta rufe ido. Motar 'yan makaranta yake tuƙawa, amma ba mai kiransa direba. Mai hoto ake ce masa, kuma ya fi son haka. Ba a ɗaura aure, ba a binne mamaci, ba a yi wa coci sabon rufi sai ya iso da baƙar kyamararsa mai nauyin ƙosasshen jariri, wadda in ya danna ta karnukan maƙwabta kan ɗaga kai.

Gwanintarsa a gwiwa take. Tun da ba a tsayawa a kan manya suna zaune, rabin rayuwarsa ya yi ta ne yana jan gwiwa a tabarma, har gwiwoyin suka koma kamar ɓawon kwakwa. Ya kuma san wa ke gaba da wa. A hotonsa babba kan fito tar, na ƙasa da shi ya fito daidai gwargwado, dangin uwa kuwa suna can baya dishi-dishi, inda al'ada ta ajiye su. Ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Sai iskar teku ta cinye cikin baƙar kyamarar, madubinta ya ɗaga ya ƙi sauka. 'Yarsa Seini, ma'aikaciyar jinya a Auckland, ta aiko masa da sabuwa. Da ya buɗe kwalin ya daɗe yana lalube a ciki, yana neman sauran.

"Baba, ita ke nan," in ji Seini a waya. "Ba madubi a cikinta, shi ya sa ta yi ƙanƙanta. Allonta yana lanƙwasawa, ba sai ka kwanta a ƙasa ba. Tana yin bidiyo, ko hannunka ya yi rawa hoton ba ya rawa. Kuma da kanta take nemo idon mutum."

"Idon wa?"

"Na kowa mana."

Wannan bai yi masa daɗi ba.

A makon ne za a aurar da Elenoa, 'yar yayansa. Gwaggo Kalolaine, yayar mahaifin su Lisiate, ita ce uwar biki: ita ke zama a kan tabarmi mafi tsada, ita ake miƙa wa saman kek, kuma in ta ga agogo a hannun ɗan ƙanenta ya yi mata, to, ya tashi daga nasa. Ta aika a kira Lisiate. Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, da furfurarsa da komai.

"Kai yaro, an ce abin aikinka ya mutu."

"An samu wani, ranki ya daɗe." Ya fito da ita daga aljihun riga.

"Wannan? Sabulu ne ko akwatin ashana?"

"Gwaggo, ƙarama ce amma..."

"Akwai wani saurayi a Nuku'alofa, tasa kyamarar har tashi sama take yi. Ni abu ɗaya nake so. Lokacin da za a miƙo mini kek, a ɗauke ni yadda zan rataye a falo, in aika wa dangi na Sydney su gani. In bai fito ba, shi zan riƙa kira, kai kuma ka koma wa motarka."

Lisiate ya san ba ita kaɗai za ta kira saurayin ba. Duk abin da Gwaggo Kalolaine ta yi wannan Lahadin, sauran gwaggonnin ƙauyen suna yi Lahadi mai zuwa.

Ranar biki da sassafe ya ga ya kamata ya gwada kyamarar a fuskar mutum. Ba a gwaji a kan Gwaggo, ba a yi a kan amarya, fasto kuma bai fito ba. Ya zaga bayan gida wajen ramin gashi, inda dangin uwar amarya ke ta fama da duwatsu masu zafi da ganyen ayaba. Nan ya sami Penisimani, ƙanen uwar amarya, abokinsa tun firamare, mutumin da bai taɓa ganin wani bikin gidan daga gaba ba.

"Peni, ɗago."

"Kai, bari in wanke fuska mana."

"Ba kyau nake nema ba, gwaji nake yi."

"Uhm. Sai an zo gwaji ake tunawa da kawu."

Wani koren akwati ya bayyana a allo, ya zauna a kan idon Peni. Lisiate ya ɗan daddanna maɓallai don ya ga abin da kowanne ke yi, sai kyamarar ta yi masa tambaya da ƙananan haruffa. Tabaransa yana cikin mota. Shi kuwa mutum ne da aka tarbiyyantar a kan cewa in an tambaye ka abu a gidan biki, ka ce to. Ya danna to. Abin da ta tambaya shi ne, ko ta riƙe wannan fuskar ta fifita ta a kan kowace fuska.

Bayan an dawo daga coci aka zauna cin abinci a ƙarƙashin rumfa. Gwaggo na can gaba a kan tarin tabarmi, furanni sun taru a wuyanta har haɓa, hula ta sauko mata goshi, mafici yana kai da komo a gaban abin da ya rage. Lisiate ya ja gwiwa ya matso, ya ɗora kyamarar a cinya, ya lanƙwasa allon. Ya yarda a ransa cewa wannan dabara ce mai kyau. Koren akwatin ya yi ta yawo a kan furannin yana neman mutum, daga bisani ya samo ido ɗaya a ƙarƙashin hular ya zauna.

Sai ga Peni ya ɓullo daga can baya, a sunkuye, ɗauke da farantin doya. Akwatin ya bar Gwaggo nan take ya tafi wurinsa da gudu.

Lisiate ya duba hoton. Gwaggo ta zama wani tulin launi, kamar an jiƙa zane. A bayanta, can nesa, ga Peni fes, ana iya ƙirga ɗigon gumin goshinsa, da wani guntun fatar gasasshen alade yana leƙowa daga gefen bakinsa.

Ya sake ɗauka. Peni. Ya matsa hagu. Peni yana lasar yatsa. Ya gwada bidiyo, kyamarar ta bi Peni daga rumfa har bakin rami, a tsanake, ba ko girgiza. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kula da mutumin nan haka.

Ya ja gwiwa da baya ya tare shi a bayan rumfa.

"Peni, don girman Allah ka daina wucewa."

"In daina? Wa zai kai abincin? Kai?"

"To juya fuskarka."

"In ba Gwaggonku baya? So kake a kore ni daga tsibirin?"

"Rufe fuskar da wani abu."

Peni ya koma da ganyen ayaba a gaban fuska, kamar mai kare hayaƙi. Ganyen yana da 'yar tsaga. Kyamarar ta samo idon.

Lisiate ya kira Seini, wayar ta yi ta ƙara, tana bakin aiki. Ya shiga cikin saitin kyamarar ya tarar da shafi a bayan shafi, ya fito da ƙyar bayan ya mai da komai baƙi da fari ya kuma dawo da shi. A lokacin mata sun fara guɗa, an ɗauko saman kek ɗin ana tahowa da shi a hankali, ana rawa. Ba a ce wa Gwaggo ta matsa. Ba a ce mata a sake.

Sai ya tuna abin da ya sani tun zamanin fim: abu biyu in nisansu da kyamara ɗaya ne, tare suke fitowa tar. Ya fizgi laimar matar fasto, ya cusa wa Peni a hannu, ya ja shi har gaban tabarmi, su biyu suna jan gwiwa.

"Ranki ya daɗe, rana tana taɓa ki ta gefe. Ga kawun amarya ya roƙi alfarmar ya riƙe miki laima."

"Ni?" in ji Peni.

"Shi ya roƙa?" Gwaggo ta dube shi daga sama har ƙasa. Ba rana a wurin, rumfa ce. "Ashe akwai mai hankali a danginku. Zo nan. Kada ka ɗiga mini maiƙo."

Peni ya durƙusa a gefenta, ya ɗaga laima.

"Matso da kanka," in ji Lisiate ƙasa-ƙasa. "Ƙara. Daidai kunnenta."

"Za ka sa a kashe ni."

"Buɗe idon."

Akwatin ya zauna a kan masoyinsa. Kek ya iso, Gwaggo ta ajiye mafici ta miƙa hannu biyu, Lisiate ya danna ya riƙe. Kyamarar ba ta yi ƙara ba, ta dai zuba hotuna kamar ruwan sama.

Da aka wanko babban hoton a garin Neiafu, ya kai mata har gida. Ta riƙe shi nesa, ta kawo shi kusa. Kowane fure ya fito, kowane zaren tabarma ya fito. Peni ma ya fito, ido a zare kamar wanda aka kama a gonar mutane.

"Yadda yake kallona da girmamawa," in ji Gwaggo. "Ka ga tarbiyya. A rataye shi can, sama da na marigayi maigidana."

"Saurayin nan na Nuku'alofa fa, ranki ya daɗe?"

"Wane na Nuku'alofa? Abin da ke tashi sama tsakiyar kan mutum kawai zai ɗauka."

Seini ta kira daga baya, ta faɗi inda za a danna, aka goge fuskar Peni daga kyamarar kafin shayin mahaifinta ya huce. Sai dai aikin gama ya gama. Gwaggo ba ta ƙara zama a taro ba laima, sauran gwaggonni kuma kowacce ta nemi nata kawun. Yanzu a ƙauyen in ana biki, ramin gashi yana rasa mutum ɗaya, kuma akwai dattawan da za su rantse maka haka aka gada tun kaka da kakanni. Lisiate yana nan yana jan gwiwa da 'yar kyamararsa, ba wanda ya karɓe masa aiki.

Peni ne kawai bai gode ba. A bikin da ya biyo baya, yana durƙushe da laima hannu ya sage, ƙamshin gashi yana zuwa daga bayan gida, ya yi magana ta gefen baki.

"Da ina bakin rami, da yanzu na ci kunne biyu da wutsiya."

"Yi shiru, ka shiga sahun manya."

"Manya sai an gama jawabi suke ci, Lisiate. Fasto ko gaisuwa bai gama ba."