Ranar da Tahiata Bai Shiga Tsere Ba

Tahiata masunci ne a ƙaramin tsibirinmu, kuma tun yana saurayi shi ke riƙe da akalar kwale-kwalen unguwarmu a tseren sha huɗu ga Yuli. Bikin Faransa ne, amma tun zamanin kakanninmu muka mayar da shi namu: mahukunta su ɗaga tuta su yi jawabi, mu kuma mu yi rawa da tsere. Abokin hamayyarsa shi ne Teuira na unguwar gabas. Ko a coci suka haɗu sai sun tsokani juna.

A shekarar da nake ba ku labari, da safiyar biki, matarsa Heimiri ta ci kifi mai dafi. Kafin hantsi leɓunanta sun mutu, tana amai, zuciyarta na bugawa a hankali kamar za ta tsaya. Tahiata ya ruga asibiti, ya tarar da ƙofa a garƙame. Jirgin ruwa mai inji ɗaya ne a garin, shi ma ya kwashi magajin gari da nas zuwa babban tsibiri wajen fareti. Ya nemi matuƙan kwale-kwalensa, ashe sun bi jirgin sun tafi kallon fareti, sai la'asar za su dawo.

Ya gangara bakin ruwa a guje. Mutanen Teuira na shafa wa kwale-kwalensu man kwakwa.

"Tsoho, ka zo neman afuwa tun kafin mu lallasa ka?" in ji Teuira.

Tahiata ya zube a kan gwiwoyinsa cikin rairayi. "Heimiri za ta mutu, Teuira. Don Allah. Ba ni da kowa yau sai kai."

Dariyar ta ɗauke. Teuira ya juya ga mutanensa. "Me kuke kallo? Ku tura kwale-kwalen ruwa!"

Suka ɗauko Heimiri suka kwantar da ita a tsakiyar kwale-kwalen, suka nufi babban tsibiri. Iska na gaba da su, ruwa na shigowa, Tahiata na kwarfewa da ƙoƙon kwakwa yana kiran sunanta. Can a tsakiyar teku ta daina amsawa. Ya riƙa jijjiga ta yana kuka.

"Bar kukan nan ka kwarfe, ko mu nitse duka!" Teuira ya daka masa tsawa.

Suna isa ana tsakiyar buga taken ƙasa, kowa ya ƙame. Ihunsu bai kai kunnen kowa ba. Tahiata ya saɓa matarsa a kafaɗa, ya ratsa layin sojoji, ya dire ta a gaban nas.

Heimiri ta rayu, amma hannuwanta ba su sake iya saƙar tabarma ba. Tahiata ya bar tsere. Duk Yuli sai ya je ofishin magajin gari yana roƙon a bar nas a gari ranar biki. Magajin gari uku sun wuce, kowanne ya ce za a duba. Bara ma ya je, yana dogara sanda.