Yadda Na Zama Alhajin Keke

Edita, a shekarun tamanin ni ɗalibin adabi ne a Lyon, ɗan Damagaram mai ganin ya fi Faransawa iya Faransanci. Da hutu nakan yi aiki a wata masana'anta a Saint-Fons. Can na saba da wani dattijon Bafaranshe da bai da zance sai na keke. Shi ya ja ni zuwa wani ƙaramin coci a kudu maso yamma, wanda aka keɓe wa mahaya keke. Kafin mu tashi na buga wa kawuna waya a La Courneuve, gefen Paris, ɗan kasuwa ne, shi ne ubana a ƙasar. Ban same shi ba, sai sakatariyarsa Bafaranshiya. Don burga na ce ta gaya masa na tafi pèlerinage. Kalmar da abokina ke kiran ziyarar ke nan, ita ce kuma kalmar aikin hajji. Watan kuwa Zulhajji ne.

Rabin hanya a jirgin ƙasa, saura a kan sirdin keken da ban yafe masa ba har yau. Na tuɓe takalmi a ƙofar cocin, mai gadi ya yi ta dubana. Ciki rigunan zakarun tsere ne rataye har rufi, ga keken kakanni mai ƙafar gaba kamar ƙofar zaure, gilasan tagogi ma mahaya aka zana. Abokina ya ba ni tarihin kowace riga yana hawaye. Ni na cika gorar kekena a famfon waje, don ƙishi kawai.

Na isa gidan kawu a Paris a rame, na yi baƙi, na aske kai saboda zafi, ina ɗingishi. Wace shaida ta rage? Na tarar an yanka rago, falo cike da mutane, kowa Alhaji, Alhaji. Kawu ya rungume ni, yana cewa ɗan ƙanwarsa ya sauke farali da guminsa bai gaya wa kowa ba. Nan ya kamata in yi magana, amma naman ya yi daɗi, sunan ya fi shi. Da aka tambayi yadda wurin yake, na ce akwai wahala, akwai hawan dutse, mutane na kuka. Ban yi ƙarya ba, na gaya wa kaina.

Rana ta biyu wani tsoho aminin kawu, mai ciwon ido, ya hango gorar a jakata. Ya miƙo hannu biyu, ya roƙi ɗigo ɗaya na zamzam ya shafa. Nan Faransancina ya ƙare. Na ce, "Baba, ruwan famfo ne. Na cocin masu keke."

Na yi musu bayanin komai. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasusuwan ragon, sannan ya ce, "To, Alhajin Keke, Allah ya karɓi ibada."

Sai da aka shekara kafin kawu ya sake kallona ido da ido. Na je Makka daga baya, na gaske, amma sunan bai canja ba, jikokina ma sun san shi. Masu karatu, gaskiyar da aka yanka rabi ƙarya ce mai digiri. In za ku bar wa dattijo saƙo, ku bar shi da Hausa.