Balarabe da Muryar Ƙaninsa

A Agege aka haifi Balarabe, a wani gidan haya da ke bayan layin dogo, inda in jirgi ya wuce har kwanukan ɗaki sai sun yi rawa. Mahaifinsa, Na'Allah mahauci, shi ya koya masa riƙon wuƙa, kuma har yau da fawa Balarabe yake ci. Waƙa kuwa ba wanda ya koya masa. Tun yana makaranta yake tsara baitoci, Hausa da ɗan sirkin Yarbanci, yadda 'yan unguwa ke magana. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne murya. Tasa kaushi gare ta kamar ta mai mura. Ƙaninsa Mu'az aka ba muryar, wanda shekara huɗu ne tsakaninsu.

A shekarar 2017 suka fara shiga sutudiyon Nassirou, wani mutumin Damagaram da ke haɗa kiɗa a ɗan shago kusa da tashar keke. Suka raɗa wa kansu 'Ya'yan Na'Allah. Balarabe ya rubuta ya sa kari, Mu'az ya rera, shi kuma ya yi amshi. Waƙarsu ta uku, wadda Balarabe ya tsara a kan direbobin tirela da ke kwana da kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ita ce ta fashe. Ana jin ta a motocin haya na danfo, ana jin ta a wayar masu sayar da burodi, har Yarabawan da ba sa jin Hausa suna bin amshin.

Daga nan zuciyar Balarabe ta fara ɓaci. In suna tafe, Mu'az ake tarewa, shi kuma a miƙo masa waya ya ɗauki hoto. A mayanka, inda ya shekara ashirin yana aiki, abokan sana'a suka koma kiransa Yayan Mu'az. Wata rana wata mata ta zo teburinsa sayen nama tana rera baitin da ya yi sati yana gyarawa, ta ce, "Yaron nan Mu'az akwai hikima, wa zai yi tunanin wannan magana?" Balarabe ya ƙulle mata namanta, ko gyara bai yi mata ba.

Da wani gidan rediyo a Ikeja ya gayyaci Mu'az shi kaɗai, Balarabe har hularsa ya ara masa. Amma ƙanin na hawa danfo, Balarabe ya wuce wurin Nassirou da wata waƙa da ya daɗe yana ɓoyewa, ta tunawa da mahaifinsu da ya rasu.

Nassirou ya saurari baitocin ya jinjina kai. "Malam Balarabe, wannan ta fi ta Apapa. Mu jira Mu'az ya dawo."

"Ni na rubuta, ni zan rera," in ji Balarabe. "Uban ma ni na fi shi saninsa."

Aka ɗauka, aka saki. Kaɗan ne suka saurara, waɗanda suka saurara kuma tambayarsu ɗaya ce: ina Mu'az? Shi kuwa Mu'az a wayar wani mai okada ya fara jin ta. Ya zo kasuwa ya tsaya har masu saye suka ragu.

"Yaya, waƙar Baba ce ka yi ba ni?"

"Kai ma ka je rediyo ba ni."

"Sun tambaye ni yadda nake rubutu, na ce musu ban taɓa haɗa baiti biyu ba, duk kai ne. Su suka yanke wurin."

Balarabe ya ci gaba da wasa wuƙa bai ɗago ba, don bai yarda ba. Sai bayan kwanaki Nassirou ya gaya masa cewa Mu'az ya fi wata uku yana zuwa shi kaɗai, yana ƙoƙarin tsara tasa waƙar, kullum ya yage takardar ya tafi. "Cewa yake, da Allah ya ba shi kan yayansa, da ya haƙura da muryar." Balarabe ya ji wani daɗi ya ratsa shi, daɗin da bai ji ba ko ranar da waƙar Apapa ta fashe. Daga baya kunyar wannan daɗin ta hana shi cin abinci.

Wata shida ba su shiga sutudiyo tare ba. Gida ɗaya suke, sai gaisuwar safe. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mahaifiyarsu Iyatu ta kira su ɗakinta. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce waƙar mijinta ko dai ta ji ta da bakinsu su biyu, ko su goge ta daga wayar kowa, su san yadda za su yi.

Suka sake ɗauka. A baiti na ƙarshe muryar Mu'az ta karye, Nassirou ya ce a bar ta haka. Waƙar ta zagaye Agege ta haura Arewa. Mutane suka riƙa cewa waƙar da Mu'az ya yi wa ubansa ta sa su kuka, masu yanka ta suna turawa kuma daga inda muryarsa ta shigo suke farawa.

Yanzu Balarabe yana da shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku. Suna nan suna waƙa tare, kuma Mu'az ya dage sai da Nassirou ya fara rubuta sunan marubuci a jikin hoton kowace waƙa. Balarabe ya ji daɗin haka, ko da yake ya lura haruffan ƙanana ne. Akwai waƙa bakwai da ya gama bai nuna wa ƙaninsa ba. In matarsa Safinatu ta tambaye shi yaushe zai ba shi, sai ya ce akwai sauran gyara.